Idon Ma'aikaci Amana Ne a Wuyan Maigida: Labari Daga Paris da Liyon

Mutanenmu na zango da yawa suna cin abinci yanzu a ƙasar Faransa, galibi a Paris da Liyon. Waɗansu leburori ne wurin gini, waɗansu masu walda, waɗansu masu shara da goge-goge a ofisoshi, waɗansu teloli a unguwar Goutte d'Or, waɗansu kuwa masu gadi, suna kwana suna duban allon kwamfuta. Duk waɗannan ayyuka ido ne jarinsu. To, abin da mu ke so mu bayyana a wannan fitowa shi ne, a dokar ƙasar nan tsaron idon ma'aikaci yana wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Wanda ya nemi haƙƙin idonsa bai yi roƙo ba, bai kuwa yi rashin kunya ba.

Bari mu fara da asali, don a san dokar nan ba jiya aka yi ta ba. Liyon garin masaƙa ne, sun yi suna ƙwarai wajen saƙar alharini. Wanda ya hau tudun Croix-Rousse har yau zai ga gidajensu masu dogon rufi da manyan tagogi. An ɗaga rufin ne don injin saƙa na Jacquard ya sami wurin tsayawa, tagogin kuwa don haske, gama mai bin siririn zare ba ya aiki a duhu. A garin nan ne aka fara kafa majalisar sasanta ma'aikata da iyayen gidansu cikin 1806, wadda a ke kira prud'hommes, tana nan kuwa har yanzu a ko'ina cikin ƙasar. Amma da, in mutum ya ji ciwo a wurin aiki, sai ya tabbatar wa alƙali laifin maigida tukuna kafin ya ga ko anini. Ina talaka ina wannan shari'a? Sai ran 9 ga Afrilu 1898 aka yi doka cewa duk haɗarin da ya auku a bakin aiki a biya diyyarsa, ko da laifin maigida ko babu. Ran 11 ga Oktoba 1946 kuma aka tilasta wa masu ba da aiki su tanadi likita domin ma'aikatansu, da kuɗinsu.

To, ga abin da ke wuyan maigida a yau.

Na farko, kayan tsaro. In aikin yana da tartsatsi, ko ƙura, ko ɓarɓashin ƙarfe, ko ruwan magani mai ƙuna, tilas maigida ya ba da tabarau na tsaro ko garkuwar fuska kyauta, in sun lalace ya sake. Ba shi da ikon yanke ko sisi daga albashi saboda su. Mai walda ya san abin da hasken nan ke yi: da rana ba ka jin kome, sai cikin dare ka farka kamar an zuba maka yashi a ido. Siminti da ruwan Javel sun fi wannan mugunta, don suna cin ido su shige ciki. Masu aiki a masana'antun magunguna da man fetur na kudancin Liyon, wajen Saint-Fons da Feyzin, su ma su lura ƙwarai.

Na biyu, haske. Doka ta ƙayyade shi da wani ma'auni da a ke kira lukus. Ɗakin aiki kada ya kasa 120, ɗakin da ba taga kuwa, in ana aiki cikinsa kullum, kada ya kasa 200. Wannan mafi ƙanƙanta ke nan, aiki mai laushi kamar ɗinki da surfani yana bukatar fiye da haka. Telan da aka ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙwai ɗaya a rufi yana da ikon ya yi magana.

Na uku, likitan aiki, wanda Faransawa ke kira médecin du travail. Duk wanda aka ɗauka sabo, wajibi ne a duba shi cikin wata 3 na farko, sa'an nan kada a wuce shekara 5 ba a sake ba. Ma'aikaci kuma yana iya neman ganin likitan da kansa ko yaushe. Abin da ya gaya masa asiri ne, maigida ba ya jin ciwon da ke jikinsa, sai dai a ce masa a gyara wurin aiki kaza. Tun 1991 kuma akwai doka musamman domin masu duban allon kwamfuta: a gwada idonsu, a riƙa ba su hutu ko sauyin aiki a tsakani. In likita ya ga tabarau na kullum ba su isa ba, sai na musamman domin allon, ba ma'aikaci zai biya ba. Tabarau na yau da kullum kuwa, tun 1 ga Janairu 2016 kowane kamfani tilas ya sa ma'aikatansa cikin inshorar lafiya ta ƙari, ya biya aƙalla rabin kuɗinta. Tun 2020 kuma akwai irin tabarau da mai inshorar nan zai karɓa ba tare da ya ƙara kome daga aljihunsa ba. Mu da mu ka saba da ƙananan ɗigo da wasulan ajami mun san yadda ido ke fara gardama in mutum ya haura arba'in. A je a gwada, kada a tsaya sayen tabarau a bakin titi.

Sai babbar magana, watau ranar da abu ya auku. In magani ko siminti ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai gudu nan take, aƙalla minti 15, kada a murza. In ƙarfe ne ya kafe, kada kowa ya taɓa shi da tsinke ko bakin tsumma. A Paris akwai asibitin ido na Quinze-Vingts a titin Charenton, yana karɓar masu gaggawa dare da rana. Sarki Louis na Tara ya kafa shi wajen 1260 domin makafi 300, shi ne ma'anar sunan, watau ashirin sau goma sha biyar. A Liyon kuwa a nufi asibitin Édouard-Herriot.

Bayan magani sai takarda, nan ne kuwa mutanenmu su ke asara. Ma'aikaci ya sanar da maigida cikin awa 24. Maigida kuma ya kai labari ofishin inshorar lafiya na gwamnati, watau CPAM, cikin awa 48, ya ba ma'aikaci takardar haɗari wadda da ita za a yi masa magani ba ya biya. Muddin yana kwance ana ba shi kashi 60 cikin 100 na ladan yininsa har kwana 28, daga nan ya koma kashi 80. Ba a kuwa korar mutum don yana jinyar haɗarin aiki. In ido ya tafi, likitocin ofishin su kan auna asarar. Wadda ba ta kai kashi 10 ba a biya ta gaba ɗaya, wadda ta kai ko ta wuce a riƙa biya har iyakar rai. Rashin ganin ido ɗaya ana lissafa shi wajen kashi 30. In an tabbatar maigida ya san haɗarin ya ƙyale, sai a ƙara diyyar.

Wani maigidan ya kan ce, "Karɓi wannan ka sayi magani, kada mu tada magana." Kada a yarda. Ciwon ido ya kan yi kwanton ɓauna, yau ja kaɗan, baɗi hazo, ran nan kuwa ba shaida ba takarda. In maigida ya ƙi kai labari, ma'aikaci yana da shekara 2 da zai kai da kansa. Ko wanda ba shi da takardar zama, in haɗari ya same shi a bakin aiki, dokar diyya ta haɗa da shi. Irin wannan ya fara neman shawarar ƙungiyar ƙwadago ko lauya kafin ya tafi ofis. Wanda kuma aka tura aiki mai haɗari ƙwarai ba kayan tsaro, tun 1982 doka ta ba shi ikon janye jiki ya sanar da maigida, ba a yanke masa lada. Sufeton aiki yana nan domin karɓar irin wannan ƙara.

Amma fa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ma'aikaci ma da nasa: tabarau da aka rataya a wuya ko aka tura bisa hula ba su tsare kowa ba. Waɗanda Allah ya buɗa musu har su ka ɗauki yara aiki, a shagon ɗinki ko gidan abinci, su sani duk abin da mu ka lissafa yana wuyansu su ma, ko da yaron ɗan ɗan'uwansu ne.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ke jin Faransanci kuma ya raka ɗan'uwansa ofis da asibiti. Iyaye na gida, in kun aika da gaisuwa ku tambayi yaranku ko an ba su tabarau, ko sun ga likitan aiki. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana ganinmu, amin.