Yadda ake haɗa na'urar kiɗan zamani

A yau saurayin da ake kira DJ ba ya ɗaukar buhun kaset zuwa wurin buki. Waƙoƙinsa suna cikin kwamfuta, hannuwansa suna bisa wani allo mai maɓallai. Shi allon umurni kawai yake aikawa ta wayar USB, galibi da harshen MIDI, wanda kamfanonin Amurka da Japan suka amince da shi a 1983. Maɓalli yana aika lamba daga 0 zuwa 127, sai manhaja irin Traktor, Serato ko Mixxx (ita kyauta ce) ta aikata.

Inda gwani yake fita daban shi ne wajen saita jinkiri. In ma'ajin sauti yana kan 256, amo yana bin yatsa cikin wajen kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa. In an rage shi ainun, kwamfuta ta kasa, sauti ya dinga tsattsagewa gaban jama'a. In an yawaita, kiɗa ya makara, mai ganga da mawaƙi su bar shi baya.

Lasifika kuwa ita ake kunnawa daga ƙarshe, a fara kashe ta, don kada tsawar kunna sauran kaya ta lalata ta.