Shirin Musamman: Kabari a Yamai, Makoki a Gida

Jama'ar Dantchiao, da na Magarya da Dungas, da ƴan uwa na tsallaken iyaka da ke kama mu,  shirinmu na yau na waɗanda suka tafi aikin soja ne ba su dawo ba.

Ranar Talata 10 ga Disamba 2019, ana tsakiyar hunturu, ɗaruruwan ƴan bindiga bisa babura da motoci suka afka wa barikin soja na Inates, a jihar Tilaberi, dab da iyakar Mali. Aka yi sa'o'i ana ɓarin wuta. Ko da ƙura ta lafa, sojoji 71 sun kwanta dama, har da kwamandansu Hassane Anoutab, wanda ya faɗi a cikin yaransa.

Shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya katse tafiyarsa a Masar ya dawo. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ranar Juma'a aka jera gawarwakin a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai, kowace an lulluɓe ta da tutar ƙasa, ruwan lemo da fari da tsanwa. Aka sallace su, aka rufe su a can. Wata guda bayan haka, ran 9 ga Janairu 2020, aka sake rasa sojoji 89 a Chinagodar.

Hukuma ta karrama su. Amma mai sauraro, ka auna: daga nan zuwa Yamai kusan kilomita dubu ne. Uwar sojan da ya fito daga gari irin namu, a waya labari ke iske ta, ko makara ba ta gani. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a ta watse. Matarsa ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma, buhun geron da albashinsa ke saye kuwa ya daina zuwa.

To, daga nan aiki ya dawo kanmu. In akwai irin wannan gida a unguwarku, ku leƙa. Ku tambayi marayun ko suna zuwa lakwal. In kaka ta yi, a ware musu dami. In damina ta faɗi, samari su yi gayya a gonar mahaifin sojan.

Allah Ya jiƙan mazajenmu, Ya raya abin da suka bari. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.