Ƙaruwar Samu da Rabon Abinci a Cikin Gida



An daɗe ana zaton cewa da zarar samun maigida ya ƙaru, to kowa a gidan zai ƙoshi. Batun bai tsaya nan ba. Tun a shekarar 1857 wani masani Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa in samu ya ƙaru, kason da ake kashewa a kan abinci yakan ragu, ko da yake kuɗin cefanen kansa yana ƙaruwa. A 1941 kuma Merrill Bennett na Amurka ya lura cewa mutane sukan rage dogara ga hatsi da rogo, su karkata ga nama da madara da mai. Amma waɗannan ƙa'idodi biyu duk gida suke aunawa dungurungum, ba su leƙa kwanon kowa ba.

To, mu leƙa. A gidajenmu akushin maigida ake fara cikawa, shi ke samun tsoka. Yara kuwa sukan haɗu a kwano ɗaya, mai saurin hannu ya rinjayi ƙarami. Mai ciki da mai shayarwa, waɗanda jikinsu ya fi bukatar abinci mai gina jiki, sau da yawa su ne na ƙarshe. Har ila yau, ƙarin samu yakan tsaya a waje, wajen mai tsire da mai shayi, bai shiga tukunya ba.

Hannun da kuɗin ya faɗa shi ne ginshiƙi. Binciken Duncan Thomas a ƙasar Barazil, a 1990, ya nuna kuɗin da ke hannun uwa ya fi na hannun uba amfanar lafiyar 'ya'ya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama ribar fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da matan kulle ke samu, yawanci a kan yara take ƙarewa.

Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Saboda haka, ma'aikacin da zai tsara tallafi, kada ya tsaya ga tambayar nawa gida ya samu. Ya tambaya wa ya karɓa, wa kuma ya ci.