Tsufa Da Ciwo A Ƙasar Masu Arziki

Da sassafe a lungunan Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, akan ga tsofaffi maza da mata, wasu har sun ranƙwafa, suna tura kura maƙare da tsofaffin kwalaye don su sayar su samu na abinci. A ƙasar kamfanonin Samsung da Hyundai ke nan fa, inda mutum kan kai kimanin shekara 83 a duniya.

A Disamban 2024 ne masu shekara 65 zuwa sama suka kai kashi 20 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Kusan kashi 40 cikin ɗari na tsofaffin nan talakawa ne, abin da ya zarce na sauran ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki.

Asalin matsalar fansho ne. Sai a 1988 aka kafa tsarin fansho na ƙasa, bai kai ga manoma ba sai 1995, masu sana'ar kansu a birane kuwa sai 1999. Kafin nan, waɗanda suka tsira daga yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 suka gina ƙasar da guminsu sun riga sun manyanta. Ɗan abin da suka tara sun zuba shi a karatun 'ya'ya, da zaton 'ya'yan za su riƙe su. Mai karatu ya lura da kyau, domin irin lissafin da yawancinmu ke yi ke nan. 'Ya'yan suka koma birni, tsadar gida da kuɗin karatun nasu yaran suka sha musu kai, aka bar iyaye su kaɗai.

Inshorar lafiya ta game kowa tun 1989, amma majiyyaci na biyan wani kaso daga aljihunsa. Mai hali yakan gano hawan jini ko ciwon suga da wuri, ya ci mai kyau, ya huta. Marar hali kuwa jinkirta zuwa asibiti yake yi, ya ci gaba da aikin ƙarfi da ciwon gwiwa da na baya, ga kaɗaici da ƙuncin zuciya. Yawan tsofaffin da ke kashe kansu a ƙasar abin tsoro ne. Tsofaffin mata sun fi shan wuya: karatunsu bai yi nisa ba, fanshonsu kaɗan ne, kuma sun fi mazan daɗewa.

Gwamnati ta ɓullo da inshorar kula da gajiyayyu a 2008, sannan a 2014 ta ƙara yawan alawus ɗin wata-wata da take biyan kashi 70 cikin ɗari na tsofaffi. Kuɗin bai kai ya riƙe mutum ba, shi ya sa da yawa ke neman aiki bayan sun haura saba'in.