Mai kiran gayya a cikin jini: yadda rauni ya ke warkewa

A ƙasar Magariya da ta Dungas, cikin jahar Damagaram, da wuya manomi ya ƙare damina bai ji rauni ba. Wani hauya ce za ta sare shi a ƙafa, wani lauje, wani kuma ƙaya. Yawancin raunukan nan kafin mako biyu sun rufe. Amma akwai wanda nasa ya ke zama gyambo, ya yi watanni yana ruwa, magidanci ya kwanta, ciyawa ta ci gona. Akwai kuma wanda nasa ya ke warkewa har ya zarce, ya bar tabo mai tudu. Masana sun gano wani sinadari da ke cikin jinin kowane mutum, wanda su ke kira PDGF.

Kiran gayya

A cikin jini akwai wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi masu tsai da jini, waɗanda likitoci su ke kira falaket. A cikin ɓargo ake yin su, kuma kowace ba ta wuce kwana 10 a raye. A ɗigon jini mai milimita ɗaya kowane gefe, wanda bai kai ƙwayar gero ba, akan sami dubu 150 zuwa dubu 400.

Da zarar fata ta yanke, sai ƙwayoyin nan su taru a bakin raunin su toshe shi. Daga nan sai su saki PDGF. Aikinsa irin na mai kiran gayya ne sa'ad da ruwan sama ya rushe katanga: shi ba ya ɗaukar ƙasa, ba ya kwaɓa ta, amma in bai yi shela ba, ma'aikata ba za su fito da yawa ba. Masu amsa kiran iri uku ne. Akwai fararen ƙwayoyin jini masu share datti da kashe ƙwayoyin cuta. Akwai masaƙan jiki, masu saƙa zaren da ke cike ramin. Akwai kuma masu ƙarfafa bangon sababbin jijiyoyin jini. Kowane ɗayansu yana da wata kafa a jikinsa, tamkar kunne, wadda da ita ya ke jin kiran.

Yadda aka gano shi

A shekarar 1974 wani masani mai suna Rasel Ros, a jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil na Amurka, ya yi kiwon ƙwayoyin jijiyar biri a cikin kwalba. Ya lura cewa suna hayayyafa in an zuba musu ruwan jinin da ya daskare tare da falaket, amma in an cire falaket tun farko, sai su tsaya cik. A 1979 masana a Ufsala ta ƙasar Suwidin, da wasu a Amurka, suka tace sinadarin shi kaɗai. A 1983 kuma aka gano cewa wata ƙwayar cuta mai sa ciwon daji ga birai tana ɗauke da kusan irinsa. Daga nan aka gane cewa abin da ke gyara, shi ne kuma ke iya ɓarna.

In gayya ba ta taru ba

Gyambo ya fi kama masu ciwon sukari, da masu amosanin jini, da waɗanda abinci bai ishe su ba. A raunin da ya ruɓe, ruwan da ke fita yana lalata sinadarin kafin ya isar da saƙo. Ga mai tamowa kuwa, ko an yi kira an amsa, babu kayan aiki, domin masaƙan jiki da abinci mai gina jiki su ke saƙa. Zazzaɓin cizon sauro shi ma yana rage jini, yana kuma rage yawan falaket.

Tamowa da zazzaɓi su ne manyan abokan gaban yara a wannan yanki. Saboda su ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya a 2005 tare da Ma'aikatar Lafiya. A 2013 kuma Magariya tana cikin wuraren farko a Nijar da aka soma bai wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi a watannin damina.

A 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani man shafawa mai suna Regranex, wanda aka yi da PDGF, domin gyambon ƙafar masu ciwon sukari. Yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya amfani sai a raunin da aka wanke, aka cire ruɓaɓɓen nama, jini kuma yana isa wurin.

In gayya ta ƙi watsewa

Wani lokaci aiki ya ƙare amma kira bai tsaya ba. Masaƙa su yi ta saƙa har tabo ya tashi ya wuce iyakar raunin, kamar yadda ake gani bayan hujin kunne, ko tsagar wanzami, ko ƙuna. Irin wannan tabo ya fi yawa ga baƙar fata, kuma in aka yanke shi kawai, yakan dawo ya fi da. A cikin jiki ma haka ne: hantar da ta daɗe da ciwo takan cika da zare ta taurare, bangon jijiya yakan yi kauri har hanyar jini ta ƙuntata, wasu ire-iren ciwon daji kuma da wannan kira su ke girma. Maganin Glivec, wanda ya fito a 2001 domin wani ciwon daji na jini, yana toshe kunnen da ke jin kiran, shi ya sa a 2006 aka amince da shi domin wani ƙari na fata.

Abin da ya rage ga jama'a

Magungunan nan ba su kusa da talaka, amma mai kiran gayyar yana cikin jinin kowa, kyauta daga Allah. Abin da ya ke bukata shi ne a share masa fili. Wanda ya yanke, ya danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, ya wanke da ruwa mai kyau da sabulu, ya rufe. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, domin ta nan ne tetanos, ciwon da ke sandare jiki ya ɗaure haƙora, ya ke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wuri. A ba mai rauni wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai gwargwadon hali. Raunin da ya yi zurfi, ko ya yi wari, ko ya kai mako biyu bai nuna alamar rufewa ba, a kai shi gidan likita. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu ya guji tsaga da huji.

Ya kamata hakimai, da masu gari, da malaman yaƙi da jahilci su isar da wannan bayani tun kafin ruwa ya sauka, domin ƙafar magidanci ɗaya in ta kwanta a damina, gida guda ne ke kwana da yunwa.