Kafin Ɗalibi Ya Kama Ɗakin Haya a Garwa

A watan Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta kafa sababbin jami'o'i uku, a Bertoua da Ebolowa da Garwa. Kafin nan, yaron da ya gama sakandare a yankin Garwa yakan ɗauki jakarsa ya nufi Ngaundere, wadda ta zama jami'a a 1993, ko Marwa, wadda aka kafa a 2008. Yanzu kuwa Garwa ma ta shiga sahun garuruwan da iyaye ke sauke 'ya'yansu a tasha da tabarma da risho da buhun gero, su koma gida suna addu'a. Da ma a jami'o'in gwamnati a Kamaru ɗakunan kwanan makaranta ba sa isar kowa, don haka yawancin ɗalibai haya suke kamawa a cikin gari.

A Ngaundere lamarin da sauƙi. Jami'ar tana Dang, kimanin kilomita 15 daga gari, kuma gidajen hayar ɗalibai sun kewaye ta, mutum ya taka da ƙafa ya shiga aji. Garwa ba haka take ba. Tsohon birni ne na sarauta da kasuwanci, ga kamfanin auduga na SODECOTON, ga ma'aikatan gwamnati, jami'a kuwa baƙuwa ce da ta tarar da kowa a mazauninsa, har yanzu tana kan kafuwa. Saboda haka tambayar farko ita ce: a ina sashenka yake ɗaukar darasi bana, kuma akwai maganar ƙaura baɗi? Ɗaliban da suka riga ka shiga su ne za su gaya maka gaskiya. Dillali kam kowace unguwa a bakinsa "nan kusa ne".

Nisa yana cin kuɗi fiye da yadda ake zato, domin mashin ne abin hawan Garwa. Mu ƙaddara ɗan acaba zai karɓi sefa 200 zuwa, 200 dawowa, kwana 22 a wata. Sefa 8,800 ke nan. Cikin wata shida an zarce sefa 50,000 da ɗalibi ke biya kuɗin rajistar shekara guda a jami'ar gwamnati. Ɗakin da ya yi araha a bakin gari, idan aka ɗora masa wannan lissafi, sau da yawa ya fi na tsakiyar gari tsada. Balle kuma idan kogin Binuwai ya raba ka da ajinka, kullum sai ka hau gada safe da yamma.

Sai dai a ganina babbar asarar da ɗalibai ke tafkawa daga lokacin neman ɗakin take fitowa. Karatu yana farawa wajajen Oktoba, damina na bankwana, gari ya yi kore, iska na kaɗawa, kowane ɗaki ka shiga sai ka ji ya yi maka. Garwa ta ainihi sai Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda ya zo daga tudun Ngaundere mai sanyi shi ya fi shan wuya. Ɗakin kwano marar silin, mai taga ɗaya da ke kallon yamma, a wannan lokaci tanda ne. Karatu ba ya yiwuwa a cikinsa da rana, barci ba ya yiwuwa da dare, kuma daidai lokacin ne zangon karatu na biyu ya kankama. Don haka idan ka je duba ɗaki, ɗaga kai ka duba rufi. Akwai silin? Tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta ratsa? Akwai bishiyar dogon yaro a tsakar gida? An yarda 'yan haya su shimfiɗa tabarma a waje idan dare ya yi? Gidan ƙasa mai kaurin bango a tsohuwar unguwa yakan fi sabon ginin bulo mai fenti daɗin zama a bazara, ko da ba shi da kyan gani a hoto.

Kada kuma a dogara da fanka. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana rataye a wuyan madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan Binuwai, kuma idan ruwan tafkin ya ja baya da rani, wuta ma sai ta yi ƙaranci. Ruwan famfo shi ma ka tambayi matan gidan, su ne suka san ƙarfe nawa yake zuwa da kwana nawa yake ɗaukewa, da inda rijiya ko burtsatse mafi kusa take.

Neman ɗaki a Satumba yana da amfani guda: damina ba ta gama ɓoye sawunta ba. A Agusta da Satumba ne Binuwai ke cika. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012, wadda ta ci gidaje daga nan har Yola da gabanta, ba su manta ba. Duba gindin bango ko akwai layin da ruwa ya bari, duba ko ƙofar ɗaki ta fi titi tudu, duba kwatar unguwa. Inda ruwa ke kwanciya, nan sauro ke kwana, kuɗin maganin zazzaɓi kuwa ba ya cikin lissafin mai gida.

Kowace unguwa da halinta. Fulɓere da Hausare da Kollere tsoffin unguwanni ne na gidajen iyali. A nan ɗalibi zai samu masallaci a ƙofar gida, abinci da sauƙi, da idon dattawa a kansa, abin da iyayen 'yan mata suka fi so. Amma akwai doka: ana rufe zaure da wuri, baƙo kuma ba ya shigowa yadda ya ga dama. Yelwa ba ta barci da wuri, kiɗan gidajen shaƙatawa yakan kai dare. Rumde Ajiya, inda filin ƙwallon da aka buga wasannin Kofin Afirka a 2022 yake, akwai hada-hada da abin hawa a kowane lokaci. Filato shiru ne, amma aljihun ɗalibi ba kasafai yake kai wa can ba. Ka je unguwar sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, domin lungun da ya cika da yara da azahar yana iya zama duhu ba kowa ƙarfe tara. 'Yar gaisuwar Fillanci ma tana buɗe ƙofofi a Garwa fiye da Faransanci.

Idan an daidaita, a rubuta. Masu gidaje da yawa suna neman kuɗin watanni a dunƙule, wani lokaci da kuɗin ajiya a kai. A sa a takarda nawa aka biya, wata nawa, wa zai gyara rufi idan ya yi yoyo, yadda ake raba kuɗin wuta idan mita ɗaya ce ta haɗa gidan, da ko za a biya watannin dogon hutu da ɗaki ke kulle. A samu shaidu biyu, in da hali mai unguwa ya sani, kuma a tabbatar wanda ke karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya.