Shanunka nawa? Tambayoyin waya da batun ɓoye suna

A shirinmu na wannan mako mun taɓo takardun tambayoyin nan da ke yawo a WhatsApp, masu cewa cika kawai, ba a buƙatar sunanka. Da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Jazira a Disambar shekarar, shiga ƙauyukanta ya yi wa ma'aikatan agaji wuya, sai suka ƙara dogara da waya wajen jin halin da jama'a ke ciki, daga Madani zuwa Hajj Abdalla har Maiurno.

Masu bincike sun daɗe da lura cewa mutum ya fi faɗin gaskiya idan ya yarda ba za a gane shi ba. Yardar ce ke aiki, ko da kuwa ba ta da tushe. Makiyayi da aka tambaya yawan garkensa, haraji ne ke fara faɗo masa a rai, sai ya rage. Ɗan kasuwar iyaka ma haka. Amma fa idan da amsar za a ƙiyasta allurar rigakafin dabbobi, ragin nan kanmu yake dawowa.

Sai dai rashin rubuta suna ba ya ɓoye mutum. Layin Zain ko Sudani ko MTN da sunan wani aka yi masa rajista. Kuma a ƙaramin ƙauye, wanda ya faɗi shekarunsa da ƙabilarsa da yawan shanunsa, ai ya gama faɗin sunansa. A ganina tambayar ƙabila a wannan lokaci, wanda ya tsallake ta bai yi laifi ba.

Akwai dabarar da ta samo asali daga aikin wani masani, Stanley Warner, a 1965. Ka jefa kwabo a ɓoye. In ya faɗi ta fuska ɗaya, ka ce "i" ko mene ne gaskiyar. In ta ɗayar ce, ka faɗi gaskiya. Ba wanda ya san dalilin "i" ɗinka. A misali, mutum 100 sun amsa, 60 sun ce "i": kusan 50 kwabo ne ya sa su, saura 10 cikin 50, wato kashi 20 cikin ɗari.

Kafin ka cika, ɗan'uwa, tambayi wa ya aiko, me zai yi da amsar. Wanda kuwa ya nemi lambar sirrinka ta Bankak, ba bincike yake yi ba, rufe shafin.